Tafkuna biyar na jihar Vermont: ina za a je iyo, ina tuƙi, ina fatsa, ina kwanan tanti

Vermont ƙaramar jiha ce a arewa maso gabashin Amurka, ta jingina da iyakar Kanada. Da kaɗan ta ɗara jihar Kano faɗin ƙasa, amma mutanenta a ƙidayar 2020 ba su wuce 643,000 da 'yan kai ba. Abin da take da shi a yalwace shi ne ruwa: tafkuna manya da ƙanana sama da 800. Wanda ke zaune a Boston ko New York ko Montreal, ya samu hutun kwana uku ko huɗu yana son ya kai iyali bakin ruwa, yawan nan shi ke rikita shi. A hoto duk kamarsu ɗaya, shuɗin ruwa da koren dutse. A cikin ruwan ne suke rabuwa. Tafkin da ya fi kowanne kyau a ido shi ne mafi sanyi, wanda ya fi kifi shi ne mai kifar da kwale-kwale, wanda kuma ya fi shiru ba shi da ko famfo.

Biyar za mu ɗauka: Champlain, Bomoseen, Willoughby, madatsar Waterbury da madatsar Green River.

Ma'aunin da za a bi

Na farko, kuma wanda ya rinjayi sauran, shi ne wa ke cikin tafiyar. A ƙirga mutum nawa ne suka iya iyo da gaske, ba waɗanda suka iya tsayawa a ruwa iya ƙirji ba. Yawancin bakin ruwan wuraren shaƙatawa na gwamnatin jihar babu masu ceto a zaune, kowa shi ke tsaron nasa. Don haka yadda ƙasan tafki yake gangarawa, a hankali ko farat ɗaya, ya fi girmansa muhimmanci.

Na biyu ɗumin ruwa da tsawon lokacin da ake morarsa. Tafkunan nan suna daskarewa da hunturu. A ƙarshen Mayu iska tana iya yin ɗumi, mutum yana zufa, ruwan kuwa yana nan wajen digiri 10 zuwa 13. Wanda ya faɗa irin wannan ruwa ba shiri, numfashinsa ke fara ƙwacewa, ya shaƙi ruwa kafin ya tuna ya iya iyo. Lokacin iyo na gaskiya daga farkon Yuli ne zuwa ƙarshen Agusta, kuma tafki marar zurfi yakan riga mai zurfi ɗumama.

Na uku kuɗi. A nan bambancin ba shi da yawa tsakanin tafki da tafki, domin farashin wuraren gwamnati kusan ɗaya ne ko'ina. Shiga ta yini wajen dala 5 ce ga babba, yara ƙasa da haka. Filin kafa tanti yakan kama tsakanin dala 20 da 40 a dare, baƙo daga wata jiha yana biyan fiye da ɗan gida, rumfar katako kuma ta ɗara fili tsada. Abin da ke kumbura lissafi shi ne hayar jirgi. Kayak (ɗan siririn jirgi da ake tuƙawa da filafili) ko kwale-kwale na awa ɗaya ko biyu kuɗi kaɗan ne, jirgi mai inji na yini guda kuwa ɗaruruwan daloli ne, ban da mai.

Na huɗu sauƙin zuwa da sauƙin zama: nisan hanya, bandaki, ruwan sha, kanti, sabis ɗin waya. Na biyar haɗari, kuma kowane tafki da irin nasa.

Akwai dokokin da ba su canzawa ko wanne ka zaɓa, gara a sansu tun daga gida. Mai shekara 15 zuwa sama sai da lasisi zai jefa ƙugiya. Na baƙo na kwana ɗaya, uku ko bakwai yana tsakanin dala 20 da 30 da 'yan kai, ana saye ta intanet, kuma tazarar da ke tsakanin na kwana ɗaya da na uku ba ta taka kara ta karya ba, don haka na uku ya fi riba. Asabar ta biyu a watan Yuni kowa yana fatsa kyauta. An hana amfani da dalmar ƙugiya mai nauyin giram 14 ko ƙasa da haka, saboda wani tsuntsun ruwa da suke kira loon yana haɗiyarta ya mutu. Wanda aka haifa bayan 1 ga Janairun 1974 ba zai tuƙa jirgi mai inji ba sai da takardar shaidar koyon tuƙi lafiya. Kowane jirgi, har kayak, sai da rigar ceto ta kowane mutum, yaro ƙasa da shekara 12 kuwa dole tana jikinsa muddin jirgi na tafiya. Cikin tazarar mita 60 daga gaɓa ko mai iyo ko wani jirgi, ba a wuce gudun kilomita 8 a awa. Sannan ba a shigo da itacen wuta daga wata jiha sai wanda aka gasa aka ba shi shaida, saboda ƙwarin da ke kashe itatuwa. A sayi itace a wurin da za a ƙona shi.

Champlain

Wannan kusan teku ne. Tsawonsa ya kai kilomita 190, inda ya fi faɗi kilomita 19, inda ya fi zurfi mita 122. Ya raba Vermont da jihar New York, kansa ya kutsa cikin Quebec ta Kanada, ruwansa kuma arewa yake gangarawa. Sunan ɗan Faransa Samuel de Champlain ya ci, wanda ya iso shi a 1609. Saboda girman nan, cewa "za mu Champlain" ba ta faɗi komai ba tukuna, sai an ce wane ɓangare.

Ga iyo da ƙananan yara, Sand Bar da ke Milton ya fi ko'ina. Yashi ne shimfiɗe, ana tafiya mai nisa cikin ruwa bai wuce gwiwa ko ƙugu ba, kuma rashin zurfin yana sa ya ɗumama da wuri. Alburgh Dunes can arewa shi ma dogon bakin yashi ne. Duka biyun na yini ne, ba a kwana. North Beach da ke cikin Burlington na hukumar gari ne, yana da masu ceto a tsakiyar lokacin zafi, yana kuma da filin tanti a bayansa. A ƙarshen Yuli da Agusta saman ruwan yakan kai digiri 21 zuwa 23.

Kwana kuwa zaɓi ne birjik. Grand Isle shi ne babban sansani, ana shiga da mota har bakin tanti. Button Bay da ke kudu yana da wurin wanka ginanne, abin da ke ceton tafiya ranar da tafkin bai shiguwa. Burton Island tsibiri ne da mota ba ta zuwa: ana barin ta a Kamp Kill Kare, a hau ƙaramin jirgin fito na 'yan mintuna. Yara suna son wurin, iyaye kuma suna hutawa da fargabar mota. Sai dai duk abin da ka manta a but, sai ka jira jirgi na gaba.

Wajen kifi babu na biyunsa a jihar. Irin kifin da ke cikinsa ya haura 80. Bass iri biyu, waɗanda ake shirya manyan gasa dominsu, da pike mai haƙora a cikin ciyayi, da walleye, da perch da yara ke kamawa da tana daga kan gada, da trout da salmon a can cikin zurfi. Idan zafi ya kankama trout da salmon sukan nutsa ƙasa neman sanyi, ba a samunsu daga gaɓa, sai da jirgi da kayan saukar da ƙugiya ƙasa. Baƙon da yake son su, ya biya mai jirgi da ya san ruwan rabin yini, ya fi masa arha a kan ya yi ta lalube. A babban ɓangaren tafkin lasisin New York yana aiki, amma ba ya aiki a Malletts Bay da Missisquoi Bay da ɓangaren gabashin tsibirai. Mutane da yawa sukan yi kuskure a nan.

Illolinsa uku ne, kuma ba ƙanana ba. Ta farko iska. Tafkin a miƙe yake daga kudu zuwa arewa, don haka iskar kudu tana samun filin gudu na kilomitoci masu yawa, ta tara taguwa. Ruwan da ya kwanta lumui da hantsi yana iya tashi ya haura mita ɗaya bayan azahar. Mai kayak da bai ƙware ba ya tsaya cikin lungu kusa da gaɓa, ya fita da sassafe, ya fara tuƙi yana fuskantar iska domin dawowa ta zo masa da sauƙi lokacin da hannu ya gaji. Ta biyu gansakuka mai guba. Takin gonaki da ruwan sama ke wankowa yana ciyar da ita, sai ta tashi a wurare marasa zurfi masu ɗumi, musamman Missisquoi Bay da St. Albans Bay, daga tsakiyar Yuli zuwa Satumba. Idan ka ga ruwa ya koma kamar miyar kuka, ko kamar an zubar da koren fenti, kada kowa ya shiga. Tana sa ƙaiƙayi da amai da gudawa, tafasa ruwan kuma ba ya kashe gubar. Ma'aikatar lafiya ta jihar tana da taswira a intanet da ke nuna inda aka gan ta, a duba da safen ranar, domin iska tana kai ta wani wuri cikin awoyi. Ta uku wata 'yar ƙumba mai kaifi, zebra mussel, da ta shigo tafkin a 1993 ta manne a duwatsu. Tana yanka tafin ƙafa kamar reza. Takalmin roba na shiga ruwa ya magance ta.

Ƙarin abu guda ga mai zama da biza: can arewa iyakar Kanada ta ratsa cikin ruwa, kuma jami'an iyaka suna sintiri a yankin. Ka riƙe takardunka, ka kuma san inda jirginka yake.

A ɗaya gefen, nan ne rayuwa ta fi sauƙi. Burlington na da filin jirgin sama da babban asibiti, akwai masallaci a South Burlington, akwai kantunan naman halal a Burlington da Winooski. Daga Boston tafiyar awa uku da rabi ce, daga Montreal kusan biyu.

Bomoseen

Shi ne mafi girma cikin tafkunan da suke kacokan cikin Vermont, kimanin hekta 970, a Castleton da Hubbardton. Zurfinsa bai wuce mita 20 ba, shi ya sa yake ɗumama da wuri ya kuma daɗe da ɗuminsa har farkon Satumba. Ga mai tasowa daga birnin New York shi ya fi kusa, awa huɗu da rabi a mota, kuma jirgin ƙasa na Amtrak yana tsayawa a Castleton.

Sansanin gwamnati yana gaɓar yamma, a wurin da a da ake fasa dutsen allo na rufin gidaje, har yanzu ana ganin tarkacen aikin. Akwai bakin yashi, hayar kwale-kwale, bandaki da wurin wanka, filin tanti da rumfuna. Kifinsa bass ne da pike da perch, da trout a wurare masu zurfi, kuma mai fatsa daga ƙaramin kwale-kwale yana samun rabonsa a gefen ciyayi da sassafe.

Laifinsa hayaniya. Gidaje sun kewaye yawancin gaɓarsa, Asabar da Lahadin Yuli jirage masu inji da baburan ruwa suna ta kai da komo, taguwarsu tana jijjiga mai kayak. Wata ciyawar ruwa baƙuwa ta cika wuraren da ba su da zurfi, tana naɗe ƙafar mai iyo da farfelar inji. Ba ta jan mutum ƙasa, firgita ce ke kawo matsala, don haka a yi iyo cikin wurin da aka kewaye. Mai son shiru yana da mafita kusa: Half Moon Pond, ɗan tafki cikin daji mai sansaninsa, inda ba a shiga da injin mai. A kwana can, a zo Bomoseen da rana. Wannan haɗin ya fi zama a ɗayansu kaɗai.

Willoughby

Duk wanda ya ga hotonsa shi yake cewa za a je. Ƙanƙara ce ta haƙa shi tun zamanin da, siriri, tsawon kilomita 8, a matse tsakanin duwatsu biyu masu tsaye, Pisgah da Hor. Zurfinsa ya kusa mita 100, babu wanda ya kai shi cikin tafkunan da suke gaba ɗaya a jihar. Ruwan garau yake, ana hango ƙasa daga nesa, gansakuka ba ta cika damunsa ba.

Zurfin nan dai shi ne matsalarsa. Ruwan sanyi ne ko a Agusta, yara sukan fito leɓe na rawa bayan minti goma sha biyar. A gefen gabas da yamma ƙasa tana yankewa ne farat ɗaya, taku kaɗan daga gaɓa ka wuce tsayinka. Wurin da ya dace da iyali shi ne bakin yashin arewa, inda ƙasa ke gangarawa a hankali. Ga abin da ba kasafai ake faɗa wa baƙo ba: a ƙarshen kudu akwai wani lungu da aka daɗe da sanin masu wanka tsirara ke zuwa. Mai tafiya da iyali ya nufi arewa kai tsaye.

Iska ma tana bin tsakanin duwatsun kamar ta cikin bututu, ta tashi ba sallama, kuma a tsakiyar tafkin babu wurin fakewa a gefe saboda dutse ne tsaye. Kifinsa trout ne da salmon. A nan aka kama trout mafi girma da aka taɓa aunawa a jihar, kusan kilo 16. Amma kifi ne na masu kayan aiki da haƙuri, ba na yaro mai tana ba.

Babu sansanin gwamnati a bakinsa. Ko ka kama wuri a sansanin 'yan kasuwa, wanda ya fi tsada, ko ka kwana a sansanin gwamnati na Brighton kusa da garin Island Pond ka riƙa zuwa da mota. Dare a wannan yankin yana iya sauka ƙasa da digiri 10 ko a Yuli, irin sanyin asubar hunturu a Jos. Kantuna kaɗan ne, sabis ɗin waya yana zuwa yana ɗaukewa. A ganina Willoughby wurin yini guda ne: a hau Pisgah da safe, a tsoma jiki da rana, a koma.

Waterbury

Wannan dam ne, irin su Tiga, ba tafkin Allah ba. Bayan ambaliyar 1927 da ta kashe mutum 84 a jihar, aka gina shi tsakanin 1935 da 1938 don ya tare ruwan kogin Little River. Faɗinsa da rani kimanin hekta 345, zurfinsa ya kai mita 30, kuma 'yan mintuna ne daga babbar hanya mai lamba 89. Jirgin ƙasa ma yana tsayawa a garin Waterbury.

Fa'idarsa ita ce ya haɗa matakai uku a wuri ɗaya. Waterbury Center na masu yini ne, da bakin ruwa da hayar kayak. Little River sansani ne cikakke, da filaye da rumfuna da 'yan ɗakunan katako, ga hanyoyin tafiya a ƙafa da ke bi ta kufan gonakin da aka tasa. Sannan akwai wuraren kwana 27 a warwatse bakin ruwa da ba a isa gare su sai da kwale-kwale. Wanda yake son ya gwada kwanan daji ba tare da ya yi nisa da gari ba, nan ne makarantarsa. Siffar dam ɗin rassa ce masu lanƙwasa, iska ba ta samun filin tara taguwa, kuma reshen arewa an taƙaita gudu a cikinsa, don haka mai koyon tuƙi yana samun natsuwa.

Tun da aikinsa na asali tare ambaliya ne, ruwansa yana hawa da sauka. Bayan ruwan sama mai ƙarfi yakan yi laka, ya ɗauko itatuwa, ya haura gaɓa, har a rufe wasu wurare, kamar yadda aka yi a ambaliyar Yulin 2023. A tambayi hali kafin a taso. Gaɓar ma a wurare da yawa gangare ne mai santsi. Kifi akwai, bass da perch da trout, amma ba don su ake zuwa ba. Kusancinsa da Stowe, garin masu yawon shaƙatawa, yana sa ya cika maƙil a ƙarshen mako.

Green River

Hekta 265 na ruwa, gaɓa kusan kilomita 30 da babu gine-gine a kanta, a Hyde Park. Ya zama wurin shaƙatawa na jiha a 1999. An hana injin mai kwata-kwata, sai filafili ko ƙaramin injin batir. Duk wuraren kwana da kwale-kwale ake zuwa, wasu tuƙin kilomita biyu ko uku. Babu famfo, babu wurin wanka, babu kanti, babu hayar jirgi a wurin, bandakin rami ne. Filin ajiye mota ƙarami ne da gangan, idan ya cika an rufe ke nan, mai zuwan yini ya iso da sassafe.

Kayan da ba a tafiya babu su: matacin ruwa ko jarka da ta ishi lita 4 ga kowane mutum a yini, jaka marar shan ruwa don bargo da waya, ƙaramin murhun gas, da igiya ko akwati mai ƙarfi na ɓoye abinci, domin akwai baƙar dabbar beyar a dajin, kuma ƙanshin abinci cikin tanti gayyata ce. A loda kaya masu nauyi a ƙasa, a tsakiyar kwale-kwale. Yawancin kifewa a bakin gaɓa take faruwa, lokacin shiga ko fita, idan mutum biyu suka miƙe tare. Da dare ba abin da za ka ji sai kukan loon. Idan wani ya ji ciwo kuwa, taimako yana da nisa.

A dunƙule

| Tafki | Iyo | Tuƙi | Kifi | Kwana | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Champlain | Mai kyau a Sand Bar da Alburgh | Kowane iri, amma sai an kula da iska | Mafi yawa | Sansanoni da yawa, har tsibiri | Taguwa, gansakuka |
| Bomoseen | Ɗumi, lokaci mai tsawo | Inji ya yi yawa | Mai kyau | Sansani cikakke | Cunkoson jirage, ciyawa |
| Willoughby | Sanyi, arewa kawai | Na ƙwararru | Manya, masu wuya | Na 'yan kasuwa ko nesa | Sanyi da zurfi |
| Waterbury | Matsakaici | Mai sauƙi ga mai koyo | Matsakaici | Sansani da na daji | Hawan ruwa bayan ruwan sama |
| Green River | Babu shiryayyen wuri | Filafili ko ƙaramin injin batir | Matsakaici | Na daji zalla | Nisan taimako |

Abubuwan da ke ɓata tafiya ko'ina

Ana buɗe kama wuri wata 11 kafin rana, kuma rumfunan bakin ruwa na Yuli da Agusta suna ƙarewa tun da wuri. Wanda ya makara ya nemi daren Lahadi zuwa Alhamis. Sansanonin gwamnati suna buɗewa a ƙarshen Mayu, wasu su rufe farkon Satumba, wasu tsakiyar Oktoba. Ba su da wutar jonawa a filin tanti, ruwan zafin wanka kuma da silallan kwatan dala yake aiki, a tanadi canji. Rumfar da suke haya bango uku ce da rufi da daɓen katako. Tana tare ruwan sama, ba ta tare sauro, kuma ba a kafa turke a katako, don haka sai tanti mai tsayawa da kansa.

Babu kada, babu dorina, babu tsargiya. Akwai dai wani ɗan uwan ƙwayar tsargiya da ke rayuwa tsakanin agwagin ruwa da katantanwa. Yana shiga fatar mutum ya mutu a nan, ya bar ƙuraje masu ƙaiƙayi na 'yan kwanaki. Goge jiki da tawul da ƙarfi da zarar an fito yana rage shi. Abin tsoro na gaske a kan tudu yake: kaska mai baƙaƙen ƙafafu da ke ɗauke da cutar Lyme, wadda ta yi yawa a jihar. Ƙaramarta ba ta fi ƙwayar riɗi ba. A duba jikin yara kowane dare, bayan kunne, hammata, bayan gwiwa. Idan an gani, a kama ta da hantsaki dab da fata a ja a miƙe. Yawanci sai ta kwana ɗaya ko fiye a manne take sa cuta. Daga tsakiyar Mayu zuwa Yuni kuma ƙananan baƙaƙen ƙudaje masu cizo suna hana sakat.

Mata da 'yan mata masu son rufe jiki su nemi kayan iyo da aka ɗinka don haka. Doguwar riga ko atamfa tana shan ruwa, ta yi nauyi, ta naɗe ƙafa. Kifin da aka kama kuma, manyan walleye da trout da bass suna tara sinadarin makuri, shi ya sa ma'aikatar lafiya ke gargaɗin masu ciki da ƙananan yara. Perch ƙanana sun fi aminci a tukunya. Ga salla, alƙibla arewa maso gabas take, kuma a ƙarshen Yuni alfijir yana ketowa tun wajen ƙarfe uku da rabi, rana ba ta faɗuwa sai kusan tara saura.

Wa ya dace da wanne

Iyali mai ƙananan yara da ba su iya iyo ba, su kwana Grand Isle su riƙa wuni a Sand Bar, su duba taswirar gansakuka kowace safiya. Idan daga New York suka taso kuma hutun gajere ne, Bomoseen ya rage musu hanya ya kuma ba su ruwa mai ɗumi, musamman in sun zo tsakiyar mako.

Wanda kifi ya kawo shi, Champlain, ba sai an yi dogon tunani ba, kuma Yuni ko Satumba sun fi masa tsakiyar zafi. Samari masu son jirgi mai gudu, Bomoseen ko Malletts Bay, bayan ɗayansu ya samu takardar tuƙi. Wanda bai taɓa kwana a tanti ba ya fara da rumfa a Little River, inda gari ke kusa idan ruwan sama ya ci ƙarfinsa, wata shekara ya gwada wuraren kwale-kwale na wannan dam ɗin. Green River na waɗanda suka riga suka wuce wannan matakin ne, manya biyu zuwa huɗu da duk sun iya iyo kuma sun saba da filafili. Willoughby a sa shi cikin tafiya a matsayin yini ɗaya, a makon farko ko na biyu na Agusta lokacin da ruwansa ya fi sassauci, a tafi da rigar sanyi ta kowa a cikin mota.